Hawan Jini da Dattawanmu na Ikko: Jawabi a Taron Ƙungiya, Ijora

 

Ni dai ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, karatuna kuwa na Islamiyya ne. An ɗora mini wannan magana ne domin na daɗe ina raka dattawanmu asibiti ina yi musu tafinta, saboda haka abin da na ji daga bakin likitoci shi zan isar muku.

Jama'a, hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya ɗauke da shi shekaru, yana cin tuwonsa, yana zuwa Ijora Olopa sarin kifi ko abbatuwa ta Oko-Oba, ba ya jin komai. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 1.3 ke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Hanyar ganewa ɗaya ce, awo. Idan aka ɗaura maka abin awon nan a damtse, lamba biyu za ta fito. Kusan 120 bisa 80 shi ne daidai. Idan aka auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to ya kama ka. Dattijo ya fi shiga haɗari, don jijiyoyin jini suna ƙara tauri da shekaru, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi.

To, ga inda muke da matsala, kuma a nan zan tsaya. Dattijo zai karɓi magani, ya sha wata ɗaya, ya ji garau, sai ya ajiye, ya ce ya warke. Wani kuma zai tafi gida Kano ko Sakkwato bikin Sallah, maganin ya ƙare a can, bai nemi wani ba sai ya dawo. Baba, wannan ciwo ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Maganin riƙe jinin yake yi, ranar da ka sake shi, jinin ya koma inda ya fito. Daga nan ne ake jin an ce wane ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙodarsa ta lalace. Sai mu ce iska ce, ko jifa aka yi masa. Wallahi sau da yawa ƙwayar da aka bari ce.

Na san dalilan da ke sa a bari. Amlodipine kan kumbura wa wasu ƙafa. Lisinopril kan sa busasshen tari. Wani kuma jiri yake gani in ya miƙe da sauri, musamman daga sujada ko daga barci. Duk wannan akwai gyara: ka koma wa likita ya rage ko ya canza maka, kuma ka riƙa tashi sannu a hankali. Kada ka ari na maƙwabcinka, kada yaron kemis ya zaɓa maka. In azumi ya gabato, tun cikin Sha'aban ka tambaya ko da sahur za ka sha ko da buɗa-baki.

Sai gishiri. Abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Hajiya, dunƙulen Maggi ma gishiri ne, kanwa ma 'yar'uwarsa ce, balle yajin tsire da kilishi da taliyar leda. Goro kuwa, da kunya nake faɗa, tunda shi ya zaunar da kakanninmu a Agege, amma yana ɗaga jini na ɗan lokaci, a rage. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu dako da direbobin tanka na Apapa ke sha kamar gyaɗa, su ma suna ɗaga shi. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Mai shan taba ya bari. A riƙa takawa kamar minti 30 a yini, ko da zuwa masallaci ne maimakon hawa acaɓa.

Matasa, ku kula da wannan. In kun ga bakin dattijo ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ɗura masa komai a baki. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Ga LUTH a Idi-Araba, ga LASUTH a Ikeja, ga babban asibitin Orile Agege. Awoyin farko su ne ake iya ceto a cikinsu, ga kuma cunkoson hanyar Ikko kun san shi.

Roƙona ga shugabanni shi ne a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a sayi abin awo biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata. A samu yaranmu masu aikin jinya su riƙa auna dattawa bayan sallar Juma'a, a rubuta wa kowa lambarsa a kati ya riƙa kai wa likita. Ina so a yanke wannan shawara kafin mu tashi yau.