Birnin Japan a Allon Kwamfuta: Darasi ga Masu Tsara Gari



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau wasa ne, amma muna roƙon kada a raina shi tun ba a ji ba. Akwai wani irin wasan kwamfuta wanda babu harbi a cikinsa, babu tsere. Akan ba mai wasa fili fetal da 'yan kuɗi kaɗan a baitulmali, a ce ya zama magajin gari. Shi zai shimfiɗa titi, ya ja ruwa da lantarki, ya yanka haraji, ya keɓe inda za a zauna da inda za a yi ciniki. In ya kyautata, jama'a su yi ta tururuwa gari ya bunƙasa; in ya kwaɓa, su kwashe nasu ya nasu su bar masa kango. Wanda ya fara yin fice shi ne SimCity, wanda Will Wright ya ƙaga, kamfanin Maxis na Amurka ya fitar a 1989. Na huɗunsa, watau SimCity 4, ya fito a 2003, sa'an nan a 2015 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Finlan mai suna Colossal Order ya fito da Cities: Skylines.

Waɗannan biyun na ƙarshe sun bar wa mai wasa ƙofa a buɗe: yana iya zana gini da hannunsa, ya shigar da shi cikin wasan, ya kuma raba wa wasu. Cikin masu wannan sana'a akwai jama'a masu yawa, Japanawa da waɗanda ba Japanawa ba, da suka duƙufa wajen gina biranen Japan. Mutum yakan shafe makonni yana zana ƙaramin kantin nan da ba ya rufewa dare da rana, ko injin sayar da lemo na bakin hanya, ko turakun lantarki da wayoyinsu a cukurkuɗe, ko jar ƙofar wurin ibadar Shinto, ko mararrabar jirgin ƙasa da ƙararrawarta. Abin ya karɓu har a 2020 masu Cities: Skylines suka fitar da wani ƙunshin gine-gine na sayarwa mai suna Modern Japan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sau da yawa mai wasa yakan tara duk waɗannan kaya, ya jera su bakin titi ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya ya duba, sai ya ga abin da ya gina garin Amurka ne sanye da rigar aro. Ko wane gini daidai yake, amma garin bai yi kama da Tokiyo ko Osaka ba. Kama da wane dai ba ta wane. Dalilin wannan shi ne muke so mu bi a hankali, domin a cikinsa darasin yake.

Ko wane wasa irin wannan yana da dokoki da aka binne a cikinsa, waɗanda mai wasa ba ya gani. Babbarsu ita ce ta launi uku: a shafa kore a sami gidaje, a shafa shuɗi a sami kantuna, a shafa rawaya a sami masana'antu, kuma wani ba ya shiga gonar wani. Wannan tsari na Amurka ne, wanda Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da halaccinsa a 1926 cikin shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler. Japan kuwa wata hanya ta bi. Dokarta ta tsara birane ta 1968, da gyare-gyaren da suka biyo baya, ta raba filin birni kashi 13, kuma gwamnatin ƙasa ce ta tsara kason, ƙananan hukumomi suna zaɓar wanda za su ɗora a kan ko wace unguwa. Abin da ko wane kashi ke faɗa shi ne iyakar damuwar da za a jure a wurin. Duk abin da bai kai wannan iyaka ba yana iya zama. Sabo da haka ko a unguwar da aka fi tsanantawa, wadda aka keɓe wa gajerun gidaje, an yarda da makarantar firamare, da ɗakin shan magani, da wurin ibada, da ƙaramin shago a jikin gida muddin bai wuce murabba'in mita 50 ba. Cikin kashi 13 ɗin nan, ɗaya tak aka hana gina gidan zama a cikinsa. Shi ya sa a Tokiyo ake ganin mai gyaran keke, da gidan abinci mai kujera takwas, da gidan kwana, duk a lungu ɗaya. Mai wasan da ke son wannan cuɗanya tilas ya ajiye launukan, ya sami ƙarin manhaja da 'yan'uwansa suka rubuta, ya dasa ko wane gini da hannu. Sai a Cities: Skylines II na 2023 aka tanadi gini mai kanti a ƙasa, gidaje a sama.

Na biyu, faɗin hanya. A SimCity 4 an yanka ƙasa gida-gida, ko wane gida mita 16 ne tsawo da faɗi, titi kuma yakan ci gida guda. A Cities: Skylines ma ƙaramin titi na asali mita 16 ne. Dokar gine-gine ta Japan ta 1950 kuwa mita 4 kaɗai ta nema: ta ce fuloti ya taɓa hanya mai faɗin mita 4, taɓawar kuma ta kai mita 2. Watau titi ɗaya na wasan zai haɗiye lungun Tokiyo huɗu. Akwai ma tsofaffin lunguna da ba su kai mita 4 ba, kuma ba a rushe su ba. Abin da doka ta ce shi ne, ranar da mai gida ya tashi sake gini, sai ya ja da baya mita 2 daga tsakiyar hanya. A haka lungu ke faɗaɗa, gida bayan gida, ko da zai ɗauki shekara hamsin.

Na uku, mota. Mai tambaya zai ce, ina ake ajiye mota a hanya mai mita 4? Amsa ita ce ba a ajiyewa. Tun 1962 Japan ta kafa doka cewa a birane, kafin mutum ya yi rajistar mota, sai ya kawo takarda daga 'yan sanda mai shaida cewa yana da wurin ajiye ta kusa da gidansa, kuma an hana mota kwana a kan titi. Wannan doka guda ita ta bar lungu ga mai tafiya a ƙasa, da mai keke, da yaran makaranta. Su kansu masu ƙera wasan sun san nauyin wannan al'amari, gama Stone Librande, wanda ya shugabanci tsara SimCity na 2013, ya bayyana cewa da gangan suka rage filayen ajiye mota, domin da sun zana su yadda suke a biranen gaske, da sun cinye allon, wasan ya zama abin gundura.

Na huɗu, wanda ya fi duka girma, jirgin ƙasa. A wasannin nan biyu, gini ba ya tsira sai a bakin titi. Jirgi kuwa ƙari ne da ake kawowa bayan cunkoso ya yi yawa. A Japan sau da yawa dogo ne ke riga gari zuwa. Kobayashi Ichizo, wanda ya kafa kamfanin da ya zama Hankyu, ya buɗe layinsa daga Umeda ta Osaka a 1910, ya bi ta cikin gonaki inda babu fasinja. Sai ya sayi filaye a gefen dogon, ya gina gidaje yana sayarwa biya sannu-sannu. A ƙarshen layin, a Takarazuka, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mata wadda ta fara wasa a 1914, a 1929 kuma ya buɗe katafaren kanti a tashar Umeda. Da safe jirgi ya kai ma'aikata, ranar hutu ya kai 'yan kallo da masu sayayya. Wasu kamfanoni suka bi sahunsa a Tokiyo. Yau layin Yamanote mai kewaya tsakiyar Tokiyo kilomita 34.5 ne da tasha 30, kuma manyan cibiyoyin birnin irin su Shinjuku da Shibuya a bakin tashoshinsa suka tashi. Abin sha'awa, da Japanawa suka ƙera nasu wasan, watau A-Train na kamfanin Artdink, wanda aka fara a 1985, Maxis kuma ya kai na ukunsa Amurka a 1992, sai suka mai da mai wasa shugaban kamfanin jirgin ƙasa. Shi nasa shimfiɗa dogo da gina tasha da sayen fili, gari kuwa ya tsiro da kansa kewaye da tashar. Kowa abin da ya tashi ya gani shi ya ɗauka ɗabi'ar birni ce.

Har siffar gine-ginen ma doka ce ta sassaƙa ta. Masu wasa sukan kwaikwayi benayen Tokiyo waɗanda kafaɗarsu ta sama take a karkace kamar an yanke da wuƙa, wasu suna zaton ado ne. Alhali kuwa ƙa'ida ce ta hana gini tare wa titi da maƙwabci haske, a 1976 ma aka ƙara wata mai ƙayyade sa'o'in da inuwar gini za ta kwanta a filin maƙwabta.

Saura abu guda da wasan ke ba mai shi wanda babu magajin garin da ke da shi, watau katafila mai share unguwa da taɓawar yatsa, babu kuka, babu kotu. Girgizar ƙasa ta 1 ga Satumba 1923 da gobarar da ta biyo baya sun hallaka mutum fiye da 100,000 a Tokiyo da Yokohama da kewaye. Goto Shinpei, ministan cikin gida, ya kawo gagarumin shirin sake gina birnin, aka zaftare kuɗin ƙwarai. Abin da ya yiwu shi ne sake jera fulotai: a haɗa filayen unguwa, kowa ya sallama wani yanki, har kashi 10 cikin 100 ba tare da diyya ba, a fitar da titi da dandali, a mayar wa kowa ragowar nasa. Aiki ne mai cin rai da yawan gardama, amma mutane sun zauna a unguwarsu. Inda kuwa gwamnati ta yi gaban kanta ba ta shawarci masu ƙasa ba, kamar filin jirgin sama na Narita da aka tsai da wurinsa a 1966, manoma da ɗalibai sun yi turjiya, an rasa rayuka, filin bai buɗe ba sai 1978.

Kada kuma a ɗauka muna cewa tsarin Japan ba shi da aibu. Lungu mai daɗin kallo a allo shi ne wanda motar kashe gobara ke shan wuyar shiga. A girgizar Kobe ta 17 ga Janairu 1995, wadda ta ci rai fiye da 6,000, wuta ta lashe tsofaffin gidajen katako na unguwar Nagata masu matsatsi. Wanda zai ari tsarin sai ya san farashinsa.

Jama'a, wannan magana ta taɓa mu kai tsaye. Tsakiyar birnin Abuja, wanda aka ƙudurta ginawa a 1976 aka kuma ƙaura zuwa cikinsa a 1991, Bajapane ne ya zana ta, watau Kenzo Tange, wanda ya gina zauren wasanni na Yoyogi domin gasar Olamfik ta 1964. Mun sami zanen gwani, da tituna masu faɗi, da manyan gine-gine. Amma jirgin cikin birnin bai fara aiki ba sai 2018, kuma ɗimbin ma'aikata daga Kubwa da Nyanya da Mararaba suke sammako a mota. Zanen mutum ɗaya, komai gwanintarsa, ba ya ɗauko dokar ajiye mota, ko al'adar sa dogo gaba, ko haƙurin zama da masu fili.

Da yawa daga cikinku gobe ku ne za ku zauna a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko ta ayyuka, ko ofishin ƙaramar hukuma, kuma za a kawo muku hotuna masu ƙyalli a ce ga birnin da za a gina. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ku tambayi mai hoton faɗin hanyarsa, da wanda aka yarda ya buɗe shago a jikin gidansa, da inda mota za ta kwana, da abin da zai kai leburan da ya gina wurin zuwa aiki, da kuma wanda ke zaune a filin yanzu da abin da za a yi da shi. Wanda ke da kwamfuta cikinku, muna ba shi shawara ya gwada gina unguwa ɗaya ta Tokiyo a wasan, daga tasha zuwa lungu na ƙarshe, ya riƙa rubuta duk inda wasan ya ƙi ba shi hanya. A allo gyaran kuskure taɓawar yatsa ce, a ƙasa kuwa jikokinmu ne za su zauna cikinsa.