Gādon Malam Aminu Kano: Jawabi Ga Ɗalibanmu Na Kafanchan



Labari ya iso mana cewa kuna shirin muhawara a makaranta kan Malam Aminu Kano, har gardama ta fara zafi tun kafin ranar. To, madalla. Amma ku saurare mu kaɗan.

Kun san wutar watan Maris na 1987 daga Kwalejin Ilimi ta garin nan ta tashi, a wurin wani taron ɗalibai. Kafin a ankara ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Aka ƙona majami'u da masallatai, aka yi asarar rayuka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk da haka ba za mu ce ku fasa ba. Ku yi, amma da ilimi.

Shin wane ne Malam? Malamin makaranta ne da ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa NEPU, ya rungumi gwagwarmayar talakawa. Ya yaƙi zaluncin En'e, da aikin tilas, da ɗaure mutane ba bisa ƙa'ida ba. Ya nemi a bai wa matan Arewa ƙuri'a tun ana ganin abin kamar saɓo.

Masu sukarsa za su ce ya karɓi kwamishina a gwamnatin soja ta Gowon. Haka ne. Za su ce PRP ta dare gida biyu a hannunsa, Santsi da Taɓo. Wannan ma haka ne. Kada ku musa, domin Malam mutum ne, ba mala'ika ba. Ku dai tuna masu cewa da PRP ta ci gwamnan Kaduna a 1979, Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, kuma talakan Kagoro ya huta kamar yadda na Zariya ya huta.

Saura magana mai ɗaci, wadda ta shafe mu. Abokan karatunku Bajju, Atyap, Fantswam da Kaninkon za su ce irin mulkin da Malam ya yaƙa a Kano shi ne kakanninsu suka yi kuka da shi a ƙarƙashin sarautun Zazzau da Jama'a. In sun faɗi haka, kada ku fusata. Ku saurara. Ai NEPU ɗin kanta ta haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka a zaɓen 1964. Ba ya yiwuwa mu yi alfahari da Malam a Kano, sannan mu toshe kunne in an karanto mana darasinsa a gida. Haka kuma ku gaya masu cikin ladabi cewa talakan Bahaushe da aka haifa a nan shi ma ya biya harajin, shi ma yana da haƙƙi a ƙasar haihuwarsa.

Saboda haka, ku zaɓi alƙalin muhawara da kowa ya yarda da shi. Ku bar zancen addinin wani. In an tashi, ku ci abinci tare.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, bai bar dukiya ba. Hujja ya bari, ita za ku ɗauka.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu zaman lafiya.