Hijabi, Gicciye da Tuta: Abin da Iyakar Jibiya Take Koya Mana



Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Jibiya, inda ake duba takardu kafin a tsallaka Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Mutanen tsallaken nan da na can danginsu ɗaya, harshensu ɗaya, domin kuwa sarakunan Haɓe na Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Ingila da Faransa ne suka shata iyakar a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, ba su shawarci kowa ba. Tun daga nan makarantar gwamnati ta rabu gida biyu.

A ɓangarenmu, Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba zai taɓa addini ba, sai makarantun En'e suka taso da darasin Larabci da na addini. Ita kuwa Faransa ta fitar da darasin addini daga makarantun gwamnatinta tun 1882, da wannan ra'ayi kuma ta mulki Nijar. Har tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda sojoji suka jingine a 2023, ya raba gwamnati da addini.

To, amma a lura. A 2004 Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi da babban gicciye da hular Yahudawa a makarantun gwamnati, a 2023 ta ƙara da abaya. Nijar ba ta bi sahu ba: 'yan mata a Maraɗi da hijabinsu suke shiga aji, kamar takwarorinsu na Jibiya. Wannan shi ne abin da 'yan'uwanmu na can suke kira diyauci, wato ƙasa ta yanke wa kanta hukunci. Ko Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, da aka kai mata ƙarar gicciyen da ke rataye a azuzuwan Italiya, a ƙarshe a 2011 ta bar wa Italiya ikon zaɓi.

Sai dai kada mu ruɗu, a ce tun da ikon namu ne, sai mu yi abin da muka ga dama. Tsarin mulkinmu na 1999 ya gindaya sharuɗɗa biyu. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. A kan wannan 'yanci ne Kotun Ƙoli ta tsaya a watan Yuni 2022, ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi na Jihar Legas damar sa hijabi, bayan Babbar Kotun jihar ta hana su a 2014. A Ilori kuwa, a 2021, sai da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 saboda irin wannan rigima. Yara ne suka yi asarar karatu, ba manyan da suka tayar da ƙurar ba.

Ra'ayinmu ke nan: ɗalibi yana da addini, amma ginin makarantar gwamnati na kowa ne, domin harajin Musulmi da na Kirista aka haɗa aka gina shi. Abin da yaro ya sa a jikinsa don imaninsa a ƙyale shi, kada kuma hedimasta ya ɗora masa abin da ba nasa ba. In mun yi murna da hukuncin Legas, wajibi ne mu kare 'yar Kirista da ke karatu a Jibiya ko Funtuwa, kada a tilasta mata hijabi, kada a tsinke gicciyen wuyanta. Ai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

'Yan'uwa, gobe mu ne sufetocin makarantu da sakatarorin ma'aikatu, takardun umurni daga teburinmu za su fito. Kada mu aro doka daga Faris don a ce mun waye, kada kuma mu danne marasa rinjaye don taro ya tafa mana. Mulkin kai amana ne, kuma a kan yarinyar da ba ta da mai tsaya mata za a fara tambayarmu.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalam.