SHIN YA KAMATA A BIYA ƊALIBAI 'YAN WASA ALBASHI?

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin wasanni ya gabatar a garin Dambam ta Jihar Bauchi, a gaban iyayen yara da malamai da 'yan ƙasar waɗanda suka zo hutun Salla daga Ikko da Badun da Fatakwal.



Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce, yaron da ke karatu a kwaleji ko jami'a, kuma yake yi wa makarantarsa ƙwallo ko gudu, shin ma'aikaci ne da ya cancanci albashi, ko kuwa ɗalibi ne kurum wanda tafi da lambar yabo sun ishe shi? Gardamar daga Amurka ta taso, saboda haka ya kamata a fara jin yadda ta kaya a can.

YADDA ABIN YA KASANCE A AMURKA

A cikin 1906 aka kafa ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda ake kira NCAA. Shekara da shekaru dokarta ita ce ɗalibi ba ya karɓar lada saboda wasa. Iyakar abin da za a yi masa shi ne a ɗauke masa kuɗin makaranta da abinci da masauki da littattafai. A cikin 1955 wani ɗalibi mai suna Ray Dennison ya mutu sanadiyyar raunin da ya samu a ka wajen yi wa wata kwaleji ta Jihar Colorado ƙwallo. Matarsa ta nemi diyya irin ta ma'aikata, amma a 1957 babbar kotun jihar ta ce ba ta da haƙƙi, domin wai mijinta ba ma'aikacin kwalejin ba ne.

A halin nan kuwa kuɗi sai ƙara shigowa suke yi. A cikin 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka amince su biya ƙungiyar dala biliyan 10.8 cikin shekara 14 don nuna gasar ƙwallon kwando kaɗai. Masu horarwa suna kwasar miliyoyi, su kuwa yaran da jama'a ke biya don su kalla ba su da ko anini. Watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mazauna Ikko sun san Hakeem Olajuwon, wanda ya bar birnin a 1980 ya tafi Jami'ar Houston. Sau biyu, a 1983 da 1984, ya kai jami'ar wasan ƙarshe na ƙasa, amma bai fara cin albashin ƙwallo ba sai da ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a 1984.

Daga baya 'yan wasa suka dinga kai ƙara. A watan Yuni na 2021 alƙalai 9 na Kotun Ƙoli ta Amurka suka haɗa baki suka kayar da ƙungiyar a kan iyakar da ta sa wa tallafin karatu. Daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. Sa'an nan a watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya tanadi biyan 'yan wasan baya kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, ya kuma ba kowace jami'a izinin raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

TO, A NAN GIDA FA?

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ya sa ɗaliban Amurka suka yi nasara shi ne akwai riba mai yawa wadda aka hana su. A Nijeriya an fara wasannin jami'o'i na NUGA a Badun cikin 1966, kwalejojin ilimi kuma suna da tasu gasar mai suna NICEGA, amma galibin waɗannan wasanni kyauta ake shiga kallo, kuma daga aljihun makaranta ko gwamnati ake gudanar da su. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da jami'ar jiha da ke Gaɗau an kafa su ne don su fitar da malamai da ma'aikata, ba su da wata ma'ajiya ta kuɗin talabijin. Idan aka ce su yanka albashin 'yan ƙwallo, to daga kuɗin alli da littattafai da magani za a gutsuro.

Bugu da ƙari, duk malamin da ya taɓa raka yara gasa ya san cutar nan ta sojan haya, watau a ɗauko ƙato daga ƙungiyar gari a yi masa katin makaranta, ya buga wasa ya karɓi ladansa ya kama gabansa. Ranar da aka sa albashin wata-wata, ranar ce ɗan talaka na gaske zai rasa gurbinsa, domin makarantar da ta fi kuɗi ita za ta saye ƙwararru. Saboda haka albashi bai dace da halin da makarantun ƙasar nan suke ciki ba.

Amma fa rashin albashi ba hujja ba ce ta cin gumin yaro. A ɗauki misalin ɗan manomi daga Dagauda ko Jalam, wanda mahaifinsa ya sayar da gero da wake ya biya masa rajista. An ɗauke shi sati uku a sansanin horo, darussa sun wuce shi. Ya karye a fili, an ɗora shi a mota an mayar da shi gida wajen maɗori. Kofin da aka ciwo yana ofishin shugaba, shi kuwa ya faɗi jarrabawa. Wa ya ci riba, wa ya yi hasara? Ko a fagen dambe da kokawa, inda ba takarda ba sa hannu, ba a barin wanda ya yi bajinta ya fita hannu rabbana: 'yan kallo su yi masa kari, mai shirya wasa ya sallame shi. Bai kamata gidan ilimi ya kasa filin dambe sanin haƙƙi ba.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A NEMA

Na farko, magani. Duk ɗalibin da ya ji rauni cikin rigar makaranta, makarantar ce za ta ɗauki jinyarsa har ya warke, kuma a rubuta haka a takarda tun kafin a tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, guzuri. A sanar da kuɗin abinci da na mota da alawus na kowace rana a fili, a danƙa wa kowane yaro a hannunsa kafin gasa, ba bayan wata shida ba.

Na uku, karatu. A rama wa ɗan wasa darussan da suka wuce shi, a shirya masa jarrabawar da ya rasa, wanda ya yi fice kuma a yafe masa kuɗin makaranta. Ta irin wannan hanya ce Tobi Amusan ta yi karatu a wata jami'a ta El Paso a Jihar Texas, kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. Ƙwallo na 'yan shekaru ne, takardar shaida kuwa ta har tsufa ce.

Na huɗu, rabo. Duk ranar da kamfani ya zuba kuɗin talla, ko aka sayar da tikiti, ko aka ci kyautar kuɗi, to a bayyana adadin, a ware wa 'yan wasa kasonsu. Wannan shi ne darasin Amurka da ya dace a ɗauka: inda riba ta samu, mai gumi yana da rabo.

KIRA GA MAZAUNA KUDU

Jihar Bauchi ba baƙuwar wasanni ba ce. Wikki Tourists ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, jihar kuma ta karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa a 2000. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsaya wa yaron ƙauye. 'Yan'uwa da ke fatauci da ƙwadago a Agege da Sabo ta Badun suna da ƙungiyoyin gari masu tara gudummawar biki da ta rasuwa. Ba zai gagare su ba su buɗe ƙaramin asusu na biya wa ɗalibi ɗaya ko biyu kuɗin makaranta kowace shekara, bisa sharaɗin ya riƙe wasa ya kuma ci jarrabawa. Haka kuma duk uban da aka zo neman izinin ɗansa ya tafi gasa, to ya nemi a nuna masa takardar da ta faɗi wanda zai biya asibiti kafin ya sa hannu.