Motar Kwatano da aibin da aka ɓoye

Mutumin Kaugama kan sayar da shinkafarsa ta rani, ya nufi Haɗeja ko Kano ya sayi mota 'yar Kwatano. Kwana kaɗan inji ya fara shan mai, dillali ya ce ciniki ya riga ya faɗa.

Bai faɗa ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata 3 ya mayar da kayan da suka gaza inganci, a gyara, a musanya ko a biya shi kuɗinsa. Fiƙihun Malikiyya ma ya amince da mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye, alƙalan Jigawa kuwa sun san babin.

Matsalar ita ce yawancin cinikin baki da baki ake yi, babu rasit, babu shaidu.