Kuɗin Cikin Waya Ma Gado Ne

'Yan uwa matasan Kalfu. Da yawa cikinmu, musamman masu ci-rani a Abijan da Libiya, suna ajiya a Bitcoin ko USDT. To, in ajali ya zo, wa zai buɗe? Asusu irin Trust Wallet kalmomi 12 ne makullinsa. In suka ɓace, ba banki, ba alƙali da zai fiddo ko dala, alhali haƙƙin magada ne, wataƙila marayu.

Ku rubuta kalmomin a takarda, kowace da lambarta, kada ku bar su cikin waya. Shida wurin amintacce ɗaya, shida wurin wani. Ku shaida musu gaban liman cewa amana ce ta magada. Na Binance kuwa, kamfanin zai nemi takardar mutuwa, sai iyali su karɓo ta wurin magajin gari.