Dasa Ɗoɗɗoya Daga Reshe: Jawabin Likita a Taron Ƙungiya na Watan Agusta



 An ce likita zai yi magana, na ga wasu har sun fara nannaɗe hannun riga don awon jini. To yau a kan ɗoɗɗoya zan tsaya.

A bara wata uwa tamu a nan Mancesta ta yi asarar ɗoɗɗoyar da ta shekara shida tana reno. Ta je gida biki a watan Nuwamba, tukunyar tana waje, sanyi ya ƙone ta a dare ɗaya. Da farfesunta duk muka san ganyen nan. Da a ce mutum uku a cikinmu sun karɓi reshe a wurinta, da yanzu an mayar mata.

Ɗoɗɗoyar gida, wadda Yarabawa ke kira efirin, tana yin shekaru a raye, ba kamar ta kanti mai laushin ganye ba, wadda kan mutu bayan ta yi fure. Amma 'yar ƙasar zafi ce. Da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10 sai ta fara wahala, shi ya sa nake wannan magana a Agusta, tun da sauran ɗumi.

Ga yadda ake yi. A zaɓi reshe lafiyayye wanda bai yi fure ba, mai tsawon santimita 10 zuwa 15. A yanke shi da almakashi mai tsabta a ƙasan gaɓa kaɗan, wato wurin da ganye ke fitowa, domin nan saiwa ta fi saurin tsirowa. A cire ganyen ƙasa, a bar huɗu a sama. A tsoma shi a kwalbar ruwa, kada ganye ko ɗaya ya nutse, don zai ruɓe ya ɓata ruwan. A ajiye a bakin taga mai haske, ban da rana mai zafi, ana sauya ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za a ga fararen saiwoyi. Idan sun kai kamar santimita 4, a dasa a tukunya mai huji a gindi. A yanki uku ko huɗu lokaci guda, domin ba duka ke kamawa ba.

Da hunturu a shigo da ita ɗaki, a taga mai kallon kudu, nesa da hita. A rage ban ruwa, sai saman ƙasar ya bushe. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe ta a wannan lokaci. 'Yan'uwa na gida kuwa, ku da damina za ku iya soka reshen a ƙasa mai laima kai tsaye, a inuwa.

Gargaɗi biyu. Na farko, kada a cuso ɗanyen reshe a akwati daga gida. Dokar ƙasar nan ta hana shigo da tsiro ba tare da takardar shaidar lafiyarsa ba.

Na biyu, ina magana a matsayin likita. Ƙamshin ganyen daga wani sinadari ne da ake samu a kanumfari. A miya ko a shayi ba laifi. Amma ba ya maye gurbin maganin sukari ko na hawan jini. Na sha ganin wanda ya ajiye ƙwayarsa ya koma shan ganye, aka kawo mana shi ranga-ranga. Mai juna biyu ta tsaya iya abin da ake sa wa miya.

Na zo da rassa goma sha biyu daga tawa, suna kan teburin baya. Na farko na Hajiyarmu ne. Wanda ya ɗauka, sharaɗin shi ne baɗi ya kawo wa wani.